Mangwaro a Filin Aro

Asabar, 5 ga Yuli, bayan magariba

Yau an kore mu daga rumfa.

Muna zaune ana zuba shayi na biyu, tsofaffin motocinmu a jere hancinsu na kallon hanya, sai ga Sufyan autan Inna Dela, ko babur ɗinsa bai kashe ba. Sallama ma a tsaye ya yi ta. Ya ce, "Malam Zayyanu, Inna ta ce ku nemi wuri. Wata mai kamawa muna son filinmu."

Na ce, "Subhanallahi, lafiya?"

Ya nuna dashen mangwaro ukun da ke bakin rumfa. "Wa ke dasa icce a filin aro? Ku da kuke manya?"

Gaskiyarsa ce. Kusan shekara ashirin ke nan da marigayi Malam Namadi, mijin Inna, ya ara wa Ƙungiyar Tsohon Ƙarfe wanga fili da ke bayan gidana. A gabana ya ce, ku kafa rumfa, ku ajiye ƙarafanku, amma ban da bulo, ban da icce. Ko yaron goye a Bagudo ya san wanda ya dasa icce a ƙasar aro cewa yake ƙasar ta zama tasa.

Kuma ni na dasa su. Da hannuna, ina washe haƙora, ana ɗaukar hoto.

Muktar ne ya zo da su daga Kandi ta ƙasar Benin makon shekaranjiya. Aminina tun muna firamare, da shi munka kafa ƙungiyar. Ya ce ya biya ta wurin Inna ta amince, har ta sa albarka. Ya miƙa mini fatanya ya ce, "Na Zubaida, kai ne uban tafiya, hannunka ya kamata ya fara taɓa ƙasa."

Yau da Sufyan ke magana na dubi Muktar, shi kuma yana duban kofin shayinsa. Na san ya ji nauyi ne. Inna ta haura tamanin, mantuwa ba abin mamaki ba ce.

Lahadi, 6 ga Yuli, da hantsi

Ban je wurin Inna ba. Da wane ido?

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

An naɗa kwamitin neman wuri: ni, Muktar, da Alhaji Maliki mai gidan mai. Alhaji bai fi shekara biyu da shigowa cikinmu ba. Motocinsa uku, duk a gyare ya saye su, ban taɓa ganin baƙin mai a farcensa ba. Amma mutum ne mai fara'a, ba zan ɗauki alhakinsa ba.

Wurare uku za mu duba. Akwai tsohon siton shinkafa na gangaren kogi, da wani fili a hanyar Sharabi, sai zauren da Alhaji ya gina bayan gidan mansa, can hanyar iyaka. Na ce a ƙara na huɗu, wato a je a ba Inna haƙuri mu ci gaba da zamanmu. Muktar ya ce, "Ai wannan shi ne na ɗaya ma. Amma a bari ta huce tukuna."

Da na faɗa wa matata Zubaida, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Malam, duk inda kunka zaɓa, ita 'Yar Kandi da wace ƙafa za ta je?"

Na ce hutawa take yi.

"Shekara uku a kan duwatsu? Wanga hutu ko mai jego ba ta samunsa."

Bakin Zubaida sai ita. Amma ta taɓo inda ke ciwo. Dokarmu ta farko, kuma ni na kawo ta don kada ƙungiya ta koma bolar ƙarafa: ɗan ƙungiya shi ne wanda motarsa ta zo wurin taro da ƙafarta. Ba ja, ba turi, ba ɗauka a bayan tirela. 'Yar Kandi, jar Fijo ɗina mai ƙofa biyu da buɗaɗɗen kai, a cikin rumfa ta tsaya, don haka kowace Asabar tana wurin taro kafin kowa. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. In an tashi daga rumfa, sai ta kai kanta sabon wuri, in ba haka ba ni da na kafa ƙungiya na zama ɗan kallo.

Kan injinta ne ya tsage, Muktar ya yi alkawarin samo mini wani a Paraku, can cikin Benin. Yana nema.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan azahar

Mun duba sito. Jemagu sun mayar da shi nasu, wari kamar ya kashe mutum, amma gini ne na da, mai ƙwari, zai ci mota ashirin. Ni dai ya yi mini.

Alhaji ya nuna layin da ruwan bara ya bari a bango, ya kai masa kafaɗa. Ya ce, "Shugaba, motoci za mu ajiye ko jiragen ruwa?" Sunka yi dariya, ni ma na yi.

Abin da ban faɗa ba: daga rumfa zuwa sito gangara ce zalla. In an saki birki, mota za ta kai kanta har ƙofa ba tare da an taɓa ta ba. Na auna hanyar da ido sau biyu muna dawowa. Ina jin Muktar ya gan ni, don ya kawar da kai.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan magariba

Taro. An sha shayi, an yi gardamar ko Marsandin Muktar ta fi ta Bunyaminu tsufa, gardamar da ake yi tun ina da baƙin gashi. An yi raha sosai.

Sai da na shigo gida na gane abin da ke damuna. Mutanen da anka ba wa'adi su bar wurin da sunka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya yi tagumi ko sau ɗaya. Ni kaɗai na riƙa kallon ginshiƙan rumfar nan kamar mai bankwana da mara lafiya.

Wataƙila dauriya ce irin ta maza.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Filin hanyar Sharabi ba komai a cikinsa sai tafasa da laka. Kafin a gina ko rumfar kara sai bayan kaka. Alhaji bai zo ba, wai yana da baƙi.

Marsandin Muktar ta kafe a taɓo har gindi. Munka tuɓe takalma, munka naɗe wando, tsofaffi biyu muna haƙa da hannu, har wasu Fulani masu dawowa daga huɗa sunka tausaya mana sunka ɗaura mata shanu. Muktar ya ce kada in kuskura in faɗa a taro cewa motarsa ta zo da ƙafar shanu. Na yi dariya har da hawaye. Rabon da in yi irinta na manta.

A hanyar dawowa na ce, "Wai ni kam, me Inna ta ce maka daidai ranar da ka je?"

Ya ce, "Tsufa ne, Na Zubaida. Yau ta faɗa, gobe ta manta." Sai ya shiga ba ni labarin wani Bayarabe a Paraku da anka ce yana da kan inji irin nawa sabo fil a kwali. Har munka iso gida yana labarin Bayaraben nan.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Zauren Alhaji. Tafiya ce mai nisa, sai ka kusa jin ƙamshin Benin. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya haɗu: tayil a ƙasa, fankoki, wutar sola, kowace mota da ɗakinta. Ya ce ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Kandi za ta kawo mana ziyara ƙarshen shekara, ina za mu sauke su, a rumfar da ke yoyo?

La'asar ta yi, na zaga baya in yi alwala. A jingine da bango, an juya fuskarsa, ga wani allo na ƙarfe. Ban san abin da ya sa na leƙa ba. An rubuta ƘUNGIYAR TSOHON ƘARFE, BAGUDO da jan fenti, har da hoton sitiyari. Zanzaro ya yi ɗakuna a kusurwarsa, sun bushe, 'ya'yan sun fasa sun fita. Gindin allon ya fara tsatsa inda ya zauna a ƙasa.

Na yi alwala, na dawo, na ce wuri ya yi kyau, Allah ya sa albarka.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Ba jiya anka rubuta allon nan ba. Ba a daminar bana ba ma.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Na ce musu kaina na ciwo. Ina kwance ina jin dariyarsu ta kan katanga.

Zubaida ta ce, "Malam, katanga ɗaya ce tsakaninka da tsohuwar nan. Kana ta yawon duba wurare har iyaka, nan ne ya fi maka nisa?"

Litinin, 21 ga Yuli, bayan azahar

Na je da goro. Inna na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara magana.

Ta ce, "Zayyanu, sai yau?"

Na ce, "Inna, kunya ce ta hana ni. Na ɗauka kin amince ne. Muktar ya ce ya zo kin sa albarka."

Ta ajiye gyaɗar. "Wane Muntari? Rabon da ƙahwatai ta taka gidan ga tun ta'aziyyar Malam. Na tsuhwa, amma ban haukace ba."

Ta sa anka kira Sufyan. Ya zo yana cin magani, ya ciro waya ya nuna mini kaina, riƙe da fatanya, ina dariya kamar ango. Sannan ya danna saƙon murya da ke ƙarƙashin hoton.

"Sufyan, ka ga abin da ake yi a filin mahaifinku. Na hana, ba a ji ba. Kada ka ce ni na faɗa maka."

Muryar da na sani tun kafin ta fashe. Na ce ya sake sawa. Ya sake. Ban san me nake fatan ji a karo na biyun ba.

Na roƙi Inna. Na ce yau ɗin nan zan tumɓuke su, na ce a kira liman da mai unguwa in faɗa a gabansu ƙasa tata ce. Ta jawo gyaɗarta ta ci gaba da ɓara. Sannan ta ce, "Magana ta hita hannuna. 'Yan'uwan Sufyan sun taru, sun ce shi gina wurin tun ba a kai ga alƙali ba. Kai ko, ɗan nan, ka ji daga bakin wani ka ɗauki hwatanya? Da ka leƙo ka tambaye ni, mi za ya ci ka?"

Ba ta karɓi goron ba. Matar da ta yi wa Zubaida wankan jegon 'ya'yanmu duka.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Na tumɓuke su. Zubaida ta kwashe ta dasa a bayan madafa, wai icce bai yi laifin komai ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Na sami Muktar a shagonsa na kayan gyaran babura. Ya tashi zai ba ni kujera, na ce a tsaye zan yi.

Na ce, "Na ji muryarka a wayar Sufyan."

Bai musa ba. Wallahi da ya musa da na fi jin sauƙi, ko ba komai mu yi faɗa. Sai ya sallami mai sayen da ke gabansa, ya sauke murya.

"Zayyanu, bara an kawo maganar tashi, ka ce sai bayan ranka. Wa zai ɗaga hannu a kanka? Kowa kunyarka yake ji. Rumfa na yoyo a kan kujerun fata, awaki na hawa motoci, ga baƙi za su zo daga ƙetare. Mun rasa yadda za mu yi da kai."

"Mun? Kai da wa?"

Ya kawar da kai.

"Bunyaminu ya sani?"

"Ya sani."

"Sauran fa?"

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge teburin da ba datti.

Na ce, "Wato kunyata kuke ji. Ba ku iya ce mini a'a a fuska, amma kun iya miƙa mini fatanya in ci amanar tsohuwa, kuna tafi."

Ya ce in yi haƙuri, bai zaci abin zai kai haka da Inna ba. Ya ce maganar doka kuwa kada in damu, an riga an yi shawara za a ɗaga mini, a jawo 'Yar Kandi da sassafe kafin gari ya tashi, ba wanda zai ce uffan. Har wannan ma an yi shawara. An zauna, an tattauna yadda za a ja ni.

Na tambaye shi Bayaraben Paraku, akwai shi kuwa? Ya ce wallahi akwai. Ban san ko in yarda ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Shekara hamsin in ya ce gabas ba na duba rana.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Ranar yanke shawara. Kwamiti ya yi bayani: sito ruwa, Sharabi laka, zaure tayil. Anka ce to, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Bunyaminu ya ce, "Abin da Shugaba ya ce." Na kusa da shi ya ce, "Abin da Shugaba ya ce." Haka ta zagaya har ta dawo kaina, kowa ya sunkuyar da kai kamar ɗaliban kirki.

Sun dafa, sun kwashe, sun rufe da faifai, ni ake jira in ce bismilla.

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda na koya wa tuƙi, akwai wanda na kwana biyu a ƙarƙashin motarsa a Segbana. Na ce, "A tafi zauren Alhaji." Sai ga kabbara, sai ga fatiha. Alhaji ya ce Asabar mai zuwa za a tashi a jere kamar yadda anka saba, motar Shugaba a gaba, yana faɗa yana satar kallon Muktar.

Na ce in sha Allahu za ta shiga gaba, kuma da ƙafarta.

Talata, 29 ga Yuli, bayan azahar

Ni da Lawal bakanike tun safe. Ya duba tsagar kan injin ya ce, "Malam, sai dai mu liƙe da gam mu yi addu'a." Na ce liƙa.

Alhamis, 31 ga Yuli, da la'asar

Mun sauke ta daga duwatsu. Tayoyin aro, batirin aro.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan magariba

Ta tashi! Ta yi tari, ta yi tari, ta watso hayaƙi har kaji sunka watse, sannan ta kama. Zubaida ta fito da ludayi a hannu tana guɗa. Na zauna a ciki na riƙe sitiyari yana rawa a tafina.

Lawal ya ce a kashe kada ta yi zafi. Na ce za ta kai? Ya ce, "Allah ke kai mota, Malam."

Asabar, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Na sa farar shaddata. Da sunka ji ta tashi, na ga fuskokinsu, wasu murna ta gaske, wasu ban san sunan abin ba. Na fito daga rumfa a gaba, motoci tara a bayana, yara na bin mu da ihu. Mun wuce ƙofar Inna, mun wuce masallaci. Iska na bugun fuskata kamar da.

A kan kwalbatin da ke gab da kwalta ta yi wata ƙara, tururi ya taso, ta mutu. Hanyar wurin ba ta cin mota biyu. Duk jerin ya tsaya.

Na murza makulli. Na sake murzawa. Lawal ya buɗe gaba ya duba, ya rufe a hankali.

Sai ga Muktar ya taho da igiya. Sabuwa dal, shuɗiya, ko ƙullin kanti ba a kwance ba. Ya sunkuyo ya ce, "Na Zubaida, don Allah. A ɗaura a bayana. Ba wanda zai ce komai."

Na ce, "Na sani. Ba ku taɓa cewa komai ba."

Na fito. Ni da Lawal munka tura ta gefe. Bunyaminu ya taso zai sa hannu, na ce kada wanda ya taɓa ta. Sannan na tsaya a bakin hanya na ɗaga musu hannu su wuce, don doka doka ce, ni na kawo ta, kuma ba a bakina za ta karye ba. Sun daɗe ba wanda ya motsa. Daga baya Alhaji ya ja, sauran sunka bi. Kowa ya wuce idonsa na kan hanya, kamar masu wuce maƙabarta.

Muktar ne ƙarshe. Ya tsaya daidai ni, ya buɗe baki, na juya na kama duba taya.

Amalanken shanu ya dawo da ita. Yanzu tana ƙofar gidana, Zubaida ta rufa mata tsohuwar tabarma.

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Sun aiko an kwance kwanon rumfa. Sufyan ya fara sauke yashi.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Na gaida Inna ta kan katanga. Ta amsa, a taƙaice. Ta dai amsa.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Na makara, na sami sahun baya. Ana tada iƙama wani ya kutso ya tsaya a damana, kafaɗa da kafaɗa, ƙafarsa ta manne da tawa. Ban duba ba, na san turarensa. Raka'a biyu na yi ban san abin da liman ya karanta ba, Allah ya gafarta mini.

Da anka sallame ya miƙo hannu biyu. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Zayyanu, kujerarka na nan, ba wanda ya zauna a kai. Gobe in zo in ɗauke ka?"

Mutane na kallo, kuma a ɗakin Allah muke. Na ba shi hannu.

Na ce, "Allah ya karɓa, Alhaji Muktar. A gaida mutanen ƙungiya."

Tunda muke ban taɓa kiransa Alhaji ba. Ya ji, don hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Na zare, na nemi takalmina, na taho gida a ƙasa.